Ta Fi Ni Iya Ni

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Yau Malamar wasan kwaikwayo ta tsayar da ni a bakin aji bayan an tashi. Na ɗauka laifi na yi, don ba a cika kirana haka kawai ba. Ashe gasa za a yi tsakanin makarantu, an ba kowa take ɗaya: "Duk Namu Ne". Ta ce ta rubuta wasa a kan wata yarinya mai in'ina wadda ba ta da ƙawa ko ɗaya, kuma ba ta son a sa wata ta kwaikwaya, mai abin take so. Ta ce, "Lokaci ya yi da irinku za su hau dandamali da ƙafarsu."

Irinmu. Saura kaɗan in waiwaya in ga ko akwai wata a bayana.

Na so in ce mata sai na yi shawara, amma kalmar ta maƙale a haƙorana, ita kuwa ta ɗauki shirun a matsayin na yarda. Yawancin alkawuran da na taɓa yi haka aka ƙulla su.

Janareta suke ce mini a makaranta, wai sai an ja ni sau uku kafin in tashi. Tun ina aji ɗaya sunan ya manne mini. Abincina a bayan ɗakin gwaje-gwaje nake ci, inda tankin ruwa ke ɗiga. Ba korata aka yi ba. Gajiya na yi da kallon fuskar mutum yana jira in gama magana. A takarda kuwa ba na maƙalewa, shi ya sa na sake ɗauko littafin nan.

Na gaya wa Mama tana cire takalmin aiki, hannuwanta duk warin sabulun ɗakin wankin otal. Ta ce, "Ke? A gaban jama'a?" Da ta ga fuskata sai ta gyara, ta ce, "To, ai babanki zai ji daɗi."

Duk wanda ya tambaya, Baba ya yi tafiya, kamfanin motocin ne ya tura shi wani reshe. Haka Mama ta ce a riƙa faɗa. Ni dai ba a cika tambayata ba.

Laraba, ƙarfe shida na yamma

Bita ta farko a ɗakin taro. An tattaro mu kamar kayan baje koli. Akwai wata zabiya 'yar aji biyu da aka tsayar a ƙarƙashin babbar fitila, tana ta runtse ido, ba wanda ya lura hasken na cutar da ita. Akwai Injiniya, wanda ke kan keken guragu, da kansa yake gyara kekensa, har sifana yake ajiyewa a ƙarƙashin kujerar. An ajiye shi a gefen hagu an ba shi allo ya riƙe. Bai da layi ko ɗaya.

Da aka ba da hutu ya gangaro kusa da ni ya ce, "Dubi ikon Allah. Ni mai baki an hana ni magana, ke an ba ki shafi tara."

Na yi dariya har na shaƙe. Rabon da in yi dariya a makarantar nan na manta.

Aku ce za ta fito a matsayin yarinyar da ke zama ƙawata a ƙarshen wasan. Aku suke ce mata don ba muryar malamin da ba ta iya yi. Tana da kyau, kuma ta san tana da shi, amma ba ta da mugunta. Da na yi layina na farko ta tafa mini. Ban san ko in ji daɗi ba.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Malama ta kai ni ofishin malamai bayan kowa ya watse. Ta haɗa mini shayi da madara a kofinta, ta ce wasan bai yi rai ba tukuna, tana so ta ji yadda kaɗaici yake daga bakin wadda ta san shi. Ta ajiye waya a kife. Ko sau ɗaya ba ta ƙarasa mini kalma ba. Ba ta kalli agogo ba, ba ta ce "ki natsu, ki ja numfashi" ba.

Na gaya mata na tankin ruwa. Na gaya mata yadda nake canza kalma a tsakiyar magana don in kauce wa mai wuya, har in faɗi abin da ba shi nake nufi ba. Ta ce, "A gida fa?"

Sai na gaya mata na madubi. Na gaya mata na bakin ƙofa. Har na ranar da aka zo da mota aka tafi da Baba.

Ta riƙe hannuna, idonta ya kawo ruwa. Na dawo gida jikina sakayau kamar an sauke mini buhu daga ka. Na share tsakar gida ba a sa ni ba.

Lahadi, da hantsi

Mama ta tafi can da kular abinci da wankakkun kaya. Na ce zan bi ta. Ta ce ba wurin yara ba ne.

Shekarata goma sha shida.

Lahadi, ƙarfe biyar na yamma

Ta dawo. Ta ce ta gaya wa Baba zancen wasan, ya yi murmushi, ya sa ta maimaita. Ya ci rabin abincin.

Talata, ƙarfe huɗu da rabi na yamma

An raba sababbin shafuka. Yanzu yarinyar wasan tana da uba. Direban bas ne. Kullum da safe yana sa rigar aiki, ya ɗaura takalmi, ya zauna a kan kujera a bakin ƙofa har rana ta faɗi, ba ya fita, ba ya magana. Ya lulluɓe madubin falo da zane don wai wani ne ke kallonsa daga ciki.

Ko launin zanen ba ta canza ba.

Na jira kowa ya fita na same ta. Na daɗe kafin maganar ta fito, ta kuma jira ni kamar rannan. Sai ta ce, "Babu suna a ciki, babu wanda zai sani. Kuma ki yi tunani, yara nawa ne ke da irin wannan a gida suna ɓoyewa? Ke ce muryarsu."

Na ce to. Ita ce ta fi sauƙin faɗa.

Ba komai. Babu suna.

Laraba, da safe kafin in fita

Na haddace duka. A banɗaki, idan famfo na zuba, ina yin shafi guda ban tsaya ba. Da ma a banɗaki ake gasar.

Alhamis, ƙarfe uku na rana

Shugaban makaranta ya zo kallon bita.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Ba na jin yunwa. Na ce wa Mama kaina ke ciwo.

Juma'a, da rana

Ban je ba.

Asabar, ƙarfe huɗu na yamma

Bari in rubuta kaɗan, ko zai daina zagaya mini a kai.

Shugaba ya zauna a layin gaba ya ɗora waya a gwiwa yana auna lokaci, don an ƙayyade wa kowace makaranta mintocinta, wanda ya wuce a rage masa maki. Na fara lafiya. Sai aka zo wurin uban. Yaron da ke yin uban ya samo aron riga shuɗiya mai aljihu biyu, irin ta kamfanin sak. Ba a gaya mini za a sa kaya a ranar ba. Ya zauna a kujerar, ya ɗora hannuwa a cinya.

Layina shi ne, "Baba, ka tashi, motar za ta tafi."

Leɓuna suka haɗu suka ƙi rabuwa. Ina jin wuyana na kumbura, hannuna na bugun cinyata kamar yadda yake yi. Ban san tsawon lokacin ba, Shugaba ne ya sani. Daga baya can wani ya yi ƙarar janareta da bakinsa, aka yi dariya ƙasa-ƙasa.

Abin da ya biyo baya ba zan rubuta ba. Maɓallan rigar biyu sun tsinke, yaron kuma ya ƙuje a wuya. Malamai biyu ne suka fitar da ni. Injiniya ya turo mini saƙo wai duk abin da na faɗa a lokacin, ko in'ina ɗaya babu a ciki. Ban tambaye shi me na faɗa ba.

Lahadi, da hantsi

Mama ta tafi can. Yau ban ce zan bi ta ba.

Litinin, ƙarfe biyar na yamma

Na koma. A farfajiya ana buɗe mini hanya kamar mai ɗauke da ruwan zafi.

Malama ta sake kai ni ofis, yau babu shayi. Ta ce ita ce da laifi, ta ɗora mini kayan da suka fi ƙarfina. Ta ce Shugaba ya ce wasan ya wuce lokaci da kusan rabi, kuma makaranta ba za ta iya ɗaukar kasadar abin ya sake faruwa a gaban alƙalai ba. Ta ce ta yi jayayya da shi. Na yarda ta yi. Aku ce za ta hau matsayina. Ni kuma an ba ni muƙami, wai mai ba da shawara, kuma hotona ne zai zauna a jikin fosta tunda an riga an buga.

Na ce a cire uban.

Ta ce, "Idan aka cire shi wasan ya mutu."

Na tsaya ina kallon kofinta a kan tebur, da jan-baki a gefensa. Ta ce, "Kin fahimce ni ko?"

Na ce to.

Talata, ƙarfe huɗu na yamma

Ina cin abinci a bayan ɗakin gwaje-gwaje sai ga Aku da ledar biskit. Ta share dutse ta zauna kusa da ni. Tun da na shigo makarantar nan ba wanda ya taɓa zama a wurin. Ta ce wallahi ba ita ta nema ba, kuma idan na ce kar ta yi, za ta je ta ce ta fasa. Na san da gaske take. Na kuma san idan ta fasa, duk makaranta za ta ce Janareta ta kashe gasar.

Muka yi hira. Ta ba ni labarin yayarta da ke koyon aikin jinya tana suma idan ta ga jini. Na yi dariya. Ina cikin ba ta amsa na lura ba idona take kallo ba, bakina take kallo. Can ta ce, "Don Allah kar ki ji haushi. In ta maƙale miki, a harshe kike jin ta ko a maƙoshi?"

Na nuna mata. A nan, ƙarƙashin haɓa.

Ta taɓa nata wurin.

Laraba, ƙarfe huɗu na yamma

Ta sake zuwa. Yau hannuna take kallo.

Na san abin da ke kawo ta. Duk da haka tun ana darasi na uku nake duba ko an kusa fita hutu.

Alhamis, ƙarfe shida na yamma

Na zauna a kujerar mai ba da shawara na kalli kaina.

Ta iya. Ta runtse ido ɗaya kamar yadda nake yi, ni da ban ma san ina yi ba. Ta bugi cinyarta. Ta haɗa leɓe a kan "Baba" har jijiyar wuyanta ta tashi, ta riƙe, ta riƙe, sai ta sake ta daidai lokacin da zuciyar mai kallo ta kusa tsinkewa. Tata in'inar ta san inda za ta tsaya. Tawa ba ta taɓa sani ba.

Ba wanda ya yi dariya. Yaran da suka yi ƙarar janareta suna layin baya, ɗaya har yana goge ido da hular makaranta. Shugaba ya duba waya ya gyaɗa kai. Malama ta juyo ta ce, "Mai shawara, akwai gyara?"

Babu gyara. Ta fi ni iya ni.

Da za a tashi na ce a matsar da zabiyar nan daga ƙarƙashin fitila, idonta na ciwo. Shawarar da na bayar ke nan. Malama ta ce ai kuwa ba ta lura ba, ta matsar da ita taku biyu. Mai kula da fitila ya ce hoton ya lalace, aka mayar da ita taku ɗaya.

Juma'a, ƙarfe biyar na yamma

Injiniya ya raka ni har bakin titi, ina tura shi a inda yashi ya yi yawa. Ya ce shi wannan ce gasarsa ta uku, kullum allo yake riƙewa, rubutun jiki ne kawai ke canzawa. Na ce me ya sa yake yarda. Ya ce, "Lokacin shirin gasa ne kaɗai ake sa katako a matakalar ɗakin taro. Ina son in ga cikinsa lokaci-lokaci."

Sai ya ce, "Direban nan na wasan." Ya murza tayar kekensa. "Ba sai kin ce komai ba. Amma ba ni kaɗai na ji abin da kika faɗa ranar Alhamis ɗin can ba."

Na tura shi har inda kwalta ta fara, na juyo.

Babu suna. Ba komai.

Lahadi, ƙarfe shida na yamma

Mama ta ce Baba ya tambaya ko na haddace. Ta ce masa tsaf. Ban gaya mata an cire ni ba.

Talata, ƙarfe bakwai na yamma

Mai ɗinki, maƙwabciyarmu, ta kawo wa Mama rigar aikinta da ta rage wa hannu. 'Yarta na cikin masu waƙar buɗe wasan. Da ma a bakin ƙofa take miƙo kaya ta juya, yau sai ta shigo har falo ta zauna. Idonta na kan madubin. Mama ba ta taɓa cire zanen ba tun ranar, ni ma ban taɓa ba.

Ta ce, "Haba maƙwabciya, ashe abin da kike ɗauke da shi ke nan kika bar mu a duhu? Muna ta cewa Allah ya dawo da shi lafiya daga tafiya. Ai irin wannan ciwon yanzu ana warkewa. Akwai wani mai magani da ya yi wa ƙanin mijina, har ɗaure shi ake yi da, yanzu ga shi da 'ya'ya."

Mama ta yi murmushi ta ce an gode. Ta kawo mata ruwa. Ta raka ta har waje, ina jin su suna dariya a kan tsadar zare.

Ta dawo ta rufe ƙofa. Ta ninke rigar, ta warware, ta sake ninkewa. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce, "Wa kika gaya wa?"

Na fara, ta maƙale.

Ta ce, "Ke da magana ke yi wa wuya, wannan ce ta zo miki da sauƙi?"

Ta shiga ɗaki. Da ma dukana ta yi.

Laraba, da safe

Ta ajiye mini abin kari a rufe ta fita ba ta tashe ni ba. Ban je makaranta ba.

Alhamis, da rana

Ban je ba. Mai kanti ya tambaye ni ya jikin Baba. Matar mai gidan haya ta aiko da lemo. Yaran layi sun daina buga ƙwallo a jikin bangonmu.

Kowa na da kirki. Ina ji kamar an tuɓe mu a tsakiyar titi ana yi mana fifita.

Juma'a, ƙarfe huɗu na yamma

Malama ta kira wayar gida sau biyu, a na uku na ɗauka. A waya na fi maƙalewa, don haka ita ta yi ta magana. Ta ce ta ji abin da ya faru, ta kasa cin abinci. Ta ce ta mayar da uban kawu, ta mayar da shi maɗinki, an cire shuɗiyar riga. Ta ce gobe in zo, akwai kujera a gaba da aka ajiye mini, kuma idan an gama tana so ta kira ni dandamali jama'a su ga ainihin yarinyar.

Madubin fa, na ce.

Ta ce madubin ne zuciyar wasan.

Aku ma ta turo saƙo, wai dutsen bayan ɗakin gwaje-gwaje na gaishe ni, ta je sau biyu ba ta same ni ba. Yanzu ai ta gama koyo. Ban san me ya kai ta ba. Na rubuta amsa na goge.

Asabar, da hantsi

Yau ce gasar. Mama ta fita da kayan aiki kamar kullum. Kwana nawa ke nan maganarmu ba ta wuce "ga abinci" da "rufe ƙofa" ba.

Na wanke banɗaki. Na wanke tukwanen da ba su yi datti ba.

Asabar, ƙarfe uku na rana

Injiniya ya turo: sun zo na biyu. An tafa har an miƙe tsaye. Malama ta kira sunana sau biyu a lasifika, aka yi ta waige-waige. Ya ce bayan an tashi wata mata daga wata makaranta ta zo da ɗiyarta ta rungume Aku tana kuka, wai ɗiyar tata haka take, kuma ba ta taɓa ganin mai irin maganarta a kan dandamali ba. Yarinyar ta tsaya tana kallon Aku kamar ta ga sabon wata. Aku ta rasa yadda za ta yi, don idan ta buɗe baki za su ji. Sai ta yi ta gyaɗa kai kawai har suka tafi, daga nan ta shige bayan labule ta daɗe ba ta fito ba.

Na karanta saƙon ya fi sau biyar. Ina so in ji haushi tsantsa, amma yarinyar nan ta tsaya mini a rai. Ko a ina take cin abincinta?

Asabar, ƙarfe shida na yamma

Mama ta dawo da fosta a naɗe a cikin jaka. Ta shimfiɗa ta a kan tebur ta danne gefe da kofi. Ga fuskata, ga "Duk Namu Ne" a saman kaina.

Ashe ba aiki ta je ba. Ta roƙi wata ta riƙe mata, ta je ta zauna a layin ƙarshe.

Ta ce, "Na yi ta jira ki fito."

Na sunkuyar da kai.

Ta ce, "Tun yaushe?"

Na gaya mata. Duka, har da rigar da maɓallan. Ya ɗauki lokaci, shayinta ya huce a hannunta. Da na gama ta ce, "Yarinyar ta iya ki. Har na ji kamar in tashi in ɗauko ta." Ta juya kofin. "Amma ba haka babanki yake zama ba. Sun sa shi ya sunkuyar da kai kamar marar gaskiya. Shi kansa a ɗage yake, yana kallon hanya. Ko a ranar da ta fi muni kansa a ɗage yake."

Sai muryarta ta karye. Ban taɓa ganin kukan Mama ba, ko ranar da aka zo da mota. Ba ta ce ta yafe ba, ni ma ban ce ta yi haƙuri ba. Da ta share fuska ta ce, "Ki goge doguwar rigarki. Gobe tare za mu."

Lahadi, ƙarfe bakwai na yamma

Mota biyu ake hawa kafin a kai asibitin. Akwai dogon bango da ƙofar ƙarfe, mai gadi ya buɗe kular ya leƙa, ya karɓe cokalin ƙarfe ya ba mu na roba. Masu ziyara na zama a benci a ƙarƙashin bishiyoyi. Na ɗauka zan ji ihu. Shiru ne ya fi yawa, sai rediyon wata ma'aikaciyar jinya.

An yi wa Baba aski. Ya rame, rigar da Mama ta kai masa ta yi masa yawa a kafaɗa. Yana tafiya a hankali kamar mai ɗauke da kwano cike da ruwa. Da ya gan ni ya tsaya. Ya ce, "Uwata." Haka yake kirana tun ina ƙarama.

Na gaishe shi. Ta maƙale a inda ta saba, ya jira. Shi ma yanzu maganarsa a hankali take fita, Mama ta ce maganin ne. Muka zauna mu biyu muna jan kalmomi kamar masu jan guga, Mama na zuba abinci tana kallon gefe. Shinkafa na zuba daga cokali a cinyarsa, na riƙa tsincewa. Ya tambaya ko an gyara famfon tsakar gida. Ya tambaya wa aka ba motarsa. Mama ta ce tana nan tana jiransa. Ban sani ba ko gaskiya ne.

Can ya ajiye cokali ya ce, "Wasan fa? An yi?"

Mama ta buɗe baki, na riga ta.

Na ce, "An ɗage."

Ya ce, "Madalla." Ya gyaɗa kai ya daɗe yana gyaɗawa. "Ki ce musu su jira ni. Likita ya ce na kusa."

Na ce zan gaya musu.

Ya cinye abincin duka. Da aka kaɗa ƙararrawa ya miƙe da kansa, ya bi sauran, a bakin baranda ya juyo ya ɗaga mana hannu.

A mota ta biyu muka samu kujera a baya. Mama ta ce, "Me ya sa kika ce masa haka?"

Na ce don ya samu abin jira.

Ta ɗora mini kular a cinya, ta juya tana kallon taga. Kafin mu wuce gada barci ya ɗauke ta, kanta ya gangaro kafaɗata, nauyinsa ya ba ni mamaki. Kullum ita ke faɗa wa kwandasta inda za mu sauka, tun ina ƙarama. Ya taho yana tambayar kowa layi-layi har ya iso kanmu. Ya ce, "'Yammata, ina?"

Na kalli Mama. Bakinta a ɗan buɗe, hannunta ɗaya a kan gwiwata, fatar duk ta tsattsage da sabulu.

Na faɗa masa. Na daɗe, har wani a gaba ya waiwayo. Kwandasta ya ce to, ya wuce. Mama ba ta farka ba sai da muka iso.